Taki Biyar da Ruwa Ya Cinye

Bayan gidanmu, can wajen Ƙofar Kaura, akwai wani kwari da ya raba unguwarmu da maƙabarta. Yawancin shekara ba komai a cikinsa sai yashi da ledoji da awakin mutane. Amma da zarar damina ta kankama, ruwan unguwanni da na gonakin da ke sama duk nan yake haɗuwa, ya taho ja wur, yana tura kututture da tsohuwar katifa da duk abin da ya tarar a hanya. Tun ina yaro nake tsoron kwarin nan, kuma girma bai rage mini komai ba. Na yi aure, na haihu, na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare ina yi wa 'ya'yan mutane tsawa, amma har yau in na ji ƙugin ruwan nan sai in ja da baya.

Ɓangaren maƙabarta gangare ne, ana hawa ba wahala. Namu ɓangaren ne gaɓa tsaye, ta kai tsayin mutum biyu. Mahaifina ne ya yi mata matakala tun ban yi wayo ba, lokacin yana ganiyar aikinsa na birkila. Taki goma sha huɗu ce ta kankare, mai faɗi, yadda masu ɗauke da makara za su sauka ba tare da sun matsu ba. Don gawa ya yi ta. Masu yanke zuwa Babbar Kasuwa da 'yan makaranta daga baya ne suka mayar da ita tasu.

A daminar da nake ba da labari Baba yana kwance. Ciwon zuciya ne, ƙafafunsa sun kumbura, ko zama sai an tallafe shi. A tsakiyar watan Agusta aka yi wani ruwa da la'asar, da iska mai yaye kwanon ɗaki. Da ya ɗauke muka fita duba ɓarna, muka tarar taki biyar na ƙasa babu su. Biyu sun tafi gaba ɗaya, uku sun karye sun kife a cikin yashi, rodi ya fito tsirara. Taki na tara yana rataye a sama, ƙarƙashinsa rami.

Kowa ya ce ikon Allah, kuma ikon Allah ne. Sai dai duk mun san hannunmu a ciki. Duk wanda zai yi yaɓe ko ya ƙara ɗaki a unguwar nan daga kwarin yake ɗibar yashi, kuma ba mai wahalar da kansa ya yi nisa. Gindin matakalar ake kwasa, don nan ya fi kusa da hawa. Shekara da shekaru muna raraƙe ƙasan abin da muke takawa. Ni kaina da zan yi aure nan na kwashi na ɗakin amarya, ina jin kaina mai dabara.

Na hana kowa gaya wa Baba. Na manta tagar ɗakinsa tana kallon lungun da ke bi zuwa matakalar.

"Kwana ukku ban ji ƙahwar kowa ba a lungun ga," ya ce da ni wata safiya ina ba shi kunu. "Matakalar ta tahi ko?"

"Ɗan gefe ne ya ɓantare, Baba."

"Malam, ƙarya ba ta yi maka kyau. Taki nawa?"

Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba. Malam yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce biyar. Ya ture kofin.

"Uwarka ta nan muka sauka da ita," ya ce. "Mutum nawa na ɗauka da kahwaɗar ga na sauka da su nan, ban san iyaka ba. Ban yarda a tura ni bayan mota a zagaya da ni ta titi ba, ana danna hon kamar an ɗauko buhun masara. A kahwaɗa nake so, kuma ta nan. A gyara ta."

Na ce to. Daga nan na shiga jan ƙafa. Yau in ce ba a samu siminti mai kyau ba, gobe in ce ana jarrabawa a makaranta. Na kuma samu hujja mai ƙarfi, don duk wanda ya san gini ya gaya mini ba a zuba kankare a cikin kwari da damina, a jira rani. Gaskiya suka faɗa, amma ba ita ce dalilina ba. Wata wauta ce ta zauna mini a zuciya, cewa muddin matakalar tana karye Baba ba zai tafi ba, zai jira. Na san ba haka ajali yake ba, ina ma koyar da yara cewa ba haka yake ba. Duk da haka na riƙe wautata, ina tsoron ranar da za a ce an gama.

Mako biyu ya ba ni. Ranar nan limamin masallacinmu ya shigo duba shi, tsoho ne sa'ansa, tare suka tashi. A gabansa Baba ya kwance mini zani.

"Liman, ɗan ga naka shina tsammanin in ya hana ni hanya zan hwasa tahiya."

Liman ya yi murmushi bai dube ni ba. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na ji haushi, don babu abin da ya fi ciwo kamar mara lafiya ya karanta ka sarai. Bayan sallar Juma'a Liman ya tsayar da mutane, ya ce gobe akwai gayya a bakin kwari. Bai faɗi dalilin gaggawar ba, ba kuma wanda ya tambaya. Kafin magariba buhunan siminti sun fara taruwa a zaurenmu, wasu ban ma san wanda ya kawo ba.

Mutum biyu ne suka sa aikin ya yiwu. Ɗaya maƙwabcinmu ne, kafinta, Kirista ɗan Filato da ya fi shekara ashirin a unguwar, Oga muke ce masa. Ya yi aiki ƙarƙashin Baba a gine-gine da yawa, shi ya san yadda ake kafa katakon da ke riƙe kankare. Ɗayar ƙanwata ce, wadda ke aure a wani ƙauye can sama, inda kwarin ya faro. Abin da ke kashe mutane a kwarin nan shi ne ruwa yana iya zuwa alhali a kanka rana ce tarwai. An yi ruwan can, kai ba ka sani ba. Sai muka yi da ita cewa da ta ga an fara ruwa a wajensu ta bugo waya. Liman ba ya iya haƙa, shi aka ba wayata ya zauna a bakin gaɓa ƙarƙashin dalbejiya.

Baba daga kan gado yake tafiyar da aikin. Ƙa'idarsa ɗaya ce, a haƙa har a iske marmara, wannan jan dutse mai tauri da ke can ƙasa, a kansa za a ɗora gindin matakalar. Ya kuma ce ni zan shiga ramin.

"Kai ka san inda ka ɗibi yashi," in ji shi.

Da tsani na katako muke sauka daga taki na tara, tsani ɗaya, mu kusan goma sha biyar. Na shiga rami da diga, ni da ban saba riƙe abin da ya fi alli nauyi ba. Yashi na jiƙe, kana haƙa yana zubowa. Duk sa'ad da muka ji tauri sai a ɓantaro a kai wa Baba a cikin kwano. Na farko ya murza shi da yatsa ya ce laka ce. Na biyu ya ce jar ƙasa ce ta yi taurin kai, a ci gaba. Mutane suna dariya, ni ba na dariya. Ramin ya kai mini ƙirji, ba na ganin komai sai ƙafafun mutane da ɗan yankin sama, kuma kunnena duk yana wajen Liman.

Wajen azahar a rana ta biyu na ji wayar ta yi ƙara. Liman ya saurara, ya miƙe, ya ce cikin muryarsa ta kullum, "Ku hito."

Sama fes take. Wani ma cewa ya yi a bari ya ƙarasa cika kwanonsa. Ni ban tsaya jin ta bakin kowa ba, na yar da diga na dafa bakin ramin zan haye. Gefen ya rufto. Yashi ya binne ni har cinya, ya riƙe ni gam, in na zaro ƙafa ɗaya ɗayar ta ƙara nutsewa. Ina kallo mutane suka yi layi a gindin tsani suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya lura da ni. A lokacin na fara jin sa, can nesa, kamar babbar mota tana tahowa a kan hanya mara kwalta.

Oga ne ya waiwayo. Ya dawo da gudu shi da wani mai sayar da nama, suka kama ni ta hammata suka fizge ni, takalmina da hulata suka zauna a ramin. Muna isa tsani ruwan farko ya iso, siriri, kumfa da ledoji da karan dawa, ya wuce ta kan ƙafafunmu da sanyi. Ni aka fara turawa sama. Oga ne na ƙarshe, kuma yana ɗora gwiwa a taki na tara ruwan ya ɗauke tsanin daga ƙarƙashinsa. Muka tsaya a gaɓa muna kallon katakonsa suna juyawa suna tafiya. Ni kuwa na zauna a ƙasa a gaban yaran da nake koyarwa.

Da na shiga gida ban gaya wa Baba komai ba, amma ya ga ƙafata ba takalmi.

"Ka ji tsoro?"

"Na ji, Baba."

"Ni ma kullum ina ji. Gobe da sassahe za ku koma, ruwa bai cika zuwa da sahe ba."

Ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Maimakon hakan ya kwantar mini da hankali sai ya ƙara tayar mini da shi, don ban san ko ruwan yake nufi ba.

Ruwan ya cike ramin tas, muka sake daga farko. Wannan karon Oga ya kafa katako a gefen ramin don kada ya rufto, aka kuma samo tsani biyu. Daga an idar da asuba muke sauka, rana na ɗagawa mu fito. A rana ta uku diga ta buga wani abu ta yi tsalle a hannuna har kafaɗata ta amsa. Aka kai wa Baba ɓantaren. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a ƙarfen gado, ya ce, "Shi ne." Muka zuba gindi, Allah ya ba mu kwana huɗu ba ruwa. Sannan muka fara hawa, taki ɗaya, taki biyu. Kowane taki muka gama sai in shiga in tarar Baba ya ƙara raguwa. Ya daina shan kunu, sai ruwa. Ina tsoron mu gama, ina tsoron kada mu gama, na rasa wanda zan roƙa a cikin biyun.

Ranar Alhamis da hantsi muka zuba ukun ƙarshe, sabon kankare ya haɗe da tsohon. Oga ya rufe su da jiƙaƙƙun buhuna, ya sa ƙaya a sama da ƙasa. Na je na gaya wa Baba. Sai da na kai kunnena bakinsa na ji abin da yake cewa.

"Kwana bakwai. Kar wanda ya taka. In an taka ta ɗanya, bakin zai ɓare, ruwa ya samu wurin kamawa."

Na ce to, Baba. Har na ji wani sanyi a raina, na ce ashe dai ya ba kansa kwana bakwai.

Washegari, Juma'a, da hantsi ya cika. Ina riƙe da hannunsa.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka tsayar da jana'iza bayan an sauko daga masallaci. Tun kafin nan maganar da nake gudu ta taso. Wani Alhaji a unguwar ya aiko da motarsa a-kori-kura, tana tsaye a ƙofar gida. Liman ya ja ni gefe.

"Malam, magana biyu ya bari, kuma sun ci karo. Ya ce ta nan, ya ce kar a taka. Kai ne babba. In ka ce mota, ba wanda zai ga laihinka."

Na dubi motar. In na ce mota, na ci amanar abin da ya roƙe ni. In na ce a taka, na ɓata aikinsa na ƙarshe da ƙafata. Oga yana tsaye nesa kaɗan, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, laka har gwiwarsa. Ya matso ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce tun da ya ji rasuwar yake bakin kwari. Ya sassare wurin sa ƙafa a jikin gaɓa, dama da hagu na sabbin takin, ya kafa turaku ya ɗaura igiya.

"Mutane su tsaya gefe da gefe," ya ce. "A miƙa Baba hannu da hannu. Zai bi ta kan matakalarsa, kuma ba wanda zai taka."

Haka aka yi. Tsofaffi da yawancin jama'a suka zagaya ta titi don su jira mu a can. Mu kuma muka ɗauko shi a kafaɗa ta lungun da ke ƙarƙashin tagarsa. Muna fitowa bakin kwari na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa dalbejiya. Hannuna ya tafi aljihu da kansa ya taɓa waya. Sai na tuna ƙanwata tana cikin gidanmu tana kuka tun safe, mijinta kuma ga shi nan a gefena. Ba kowa a can sama da zai bugo.

Na sauka ta tsani na tsaya a cikin yashi, ni da mutum uku, mu ne za mu karɓa. Masu makara suka sauko taki tara na tsohuwar matakala suka tsaya. Mutum shida a dama, shida a hagu, kowa ƙafarsa a ɗan ramin da Oga ya sassara, hannu ɗaya a igiya. Aka fara miƙo shi. Makarar ta sunkuyo, na ga likkafanin ya ɗan zamo gaba. Ba mai magana sai salati ƙasa-ƙasa. A tsakiya ƙafar wani ta zame, ƙasa ta zubo, ƙafar ta tafi za ta sauka a kan sabon kankare. Oga yana ƙasansa. Ya tare tafin ƙafar da hannuwansa biyu, ya riƙe ta a sama, mutumin ya tsaya a kan hannun Oga har makarar ta wuce shi.

Sai ga ta a kafaɗata. Na shirya wa nauyi, na ji ba nauyi, kuma wannan ne ya karya mini zuciya. Muka fara ratsa yashi. Faɗin kwarin bai fi taku arba'in ba, amma ba a gudu da gawa. Ina tafiya kunnena yana sama, ina jin iska, ina jin tsawa can nesa, ina kasa bambance ta da ɗayan ƙugin. Na yi ta ayyanawa a raina, in ya zo yanzu, sakin makarar zan yi ko riƙewa? Ban san amsar ba, har yau ban sani ba, kuma ina jin kunyar hakan. Ban yarda mun haye ba sai da na ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashin ƙafata.

Muna cikin mayar da ƙasa a kabari ruwan ya iso. Kowa ya ji, ba wanda ya ɗaga kai har Liman ya shafa addu'a. Sannan muka fito bakin gangare muka tsaya. Ruwan ya rufe sabbin takin duka biyar, yana dukan na tara, ya tafi da ƙaya da buhuna da tsani biyun. Ba abin da ake gani sai jan ruwa. Yayyafi ya fara sauka, muka juya muka kama doguwar hanyar titi a ƙasa.

Kwana shida ban je bakin kwarin ba. Oga ya zo ya ce tana nan, ya sake sa ƙaya, na ce to, amma na kasa zuwa in gani da idona. Ranar da aka yi addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, na bi lungun ni kaɗai. Oga ya riga ya cire katakon. Takin biyar suna tsaye, ruwa ya ɗan kankare fuskar na sama har tsakuwa ta fito, amma bakinsu ko ɓantara babu. Na sauka zuwa na tara, na janye ƙayar gefe, na tsaya. Daga nan ana hango sabuwar ƙasar da ke kansa. Na ɗaga ƙafa na mayar, na sake ɗagawa na mayar.

Ban ji zuwanta ba. Wata tsohuwa ce da kwando a ka, za ta kasuwa, ba ma 'yar unguwarmu ba ce.

"Malam, an buɗe hanyar ne?"

"An buɗe, Inna."

"To in ba sauka za ka yi ba, ɗan matsa mani."

Na matsa. Ta sauka a hankali tana dafa gwiwa, taki ɗaya bayan ɗaya, ta ratsa yashi ta tafi abinta. Ni kuma na zauna a taki na tara na yi kukan da ban yi ba tun ranar Juma'a.